Ovide Lavergne da Wasannin da Ruwa Bai Cinye Ba

Kowace safiya, kafin a buɗe ajujuwa, wata tsohuwar a-kori-kura mai launin kore takan tsaya a bayan filin Jami'ar Belle Anse inda ake besbol, wasan jefa ƙwallo a buge shi da sanda. Mai ita yakan fito da kofin baƙar gahawa a hannu, ya tuɓe takalmansa ya ajiye a gindin shinge, sannan ya shiga ciyawar ba takalmi. Ba ya sauri. Yakan bi gefen hagu har ƙarshen fili, ya ratso ta tsakiya, ya dawo ta dama, yana tsayawa nan da can kamar mai sauraron kira daga nesa. Idan ya iso kan jar ƙasar da 'yan wasa ke gudu a kanta daga tasha zuwa tasha, sai ya durƙusa, ya ciro mabuɗin motarsa ya soka. Idan mabuɗin ya fito tas, ƙasa ta sha daidai. Idan ya fito da laka, ta sha fiye da kima. Idan ya ƙi shiga, a jawo tiyo. Bayan wannan ne zai yanka ciyawa, ya bi ƙasa da manjagara, ya cike ramukan tudun mai jifa da yumɓu, ya ja farin layi. Kafin ɗalibi na farko ya iso da jakarsa, babu sauran alamar cewa wani ya yi aiki a wurin.

Wannan shi ne Ovide Lavergne, wanda garin nan ke kira Mista Ovide. Ya kama aikin kula da filin ranar ɗaya ga Maris, 1982, ya ajiye shi ranar talatin ga Yunin bana. Ni na koyar da tarihi a jami'ar har na yi ritaya, kuma tun 1979 nake riƙe da littafin maki na ƙungiyar, ina zaune a ɗakin sama ina rubuta kowace jifa da kowane bugu. Saboda haka abin da zan faɗa game da shi, mafi yawansa na gani da idona, sauran kuwa na ji daga bakin waɗanda suka gani.

Filinmu gonar shinkafa ce tun asali. Wata bazawara ce ta ba jami'a ita a 1926, kuma duk wanda ya san ƙasar kudancin Louisiana ya san cewa gonar shinkafa ba ta manta abin da aka yi ta dominsa: riƙe ruwa. Har zuwa farkon shekarun tamanin, in an yi ruwan sama na awa ɗaya, sai a kwana uku ba a taka filin ba. A lokacin hutun 1993 Mista Ovide ya haƙa magudanai da shebur, shi da surukinsa, suka binne bututun yumɓu a ƙarƙashin ciyawa, suka yi musu bakuna bakwai masu murfi. Bai zana taswira ba, kuma ba wanda ya nemi ya zana. Da guguwar Satumban 2005 ta turo ruwan gishiri har tasha ta biyu, masana suka ce ciyawar ta mutu, sai an kwashe ƙasar gaba ɗaya. Shi kuwa ya yi wata huɗu yana wanke ƙasar da ruwan rijiya, yanki bayan yanki. A watan Fabrairu aka buɗe kakar wasa a kan ciyawar nan dai, kore shar.

Sau biyu ya nemi a ba shi wanda zai koya wa aikin, a 2009 da 2016. Sau biyun kwamitin wasanni ya ce a dakata tukuna. Ina cikin kwamitin duka lokutan biyu, a kujerar wakilin malamai.

Kakar bana ce ta fi kowace kyau tun da aka kafa ƙungiyar. Mun ci wasa arba'in da huɗu, aka ci mu goma sha ɗaya, muka ɗauki kofin rukuninmu, abin da rabonmu da shi tun 1974. Jaridu sun yabi Koci Harlan Stroud, kuma ya cancanta. Sun yabi babban mai jifarmu, Lucien Batiste, wanda ƙwallonsa ke nutsewa daf da isa gaban mai bugu, ta yadda ko an buge shi sai ya bi ƙasa maimakon ya tashi sama. Abin da jaridu ba su rubuta ba shi ne, duk ranar da Batiste zai yi jifa, Mista Ovide yakan shayar da ƙasar da ke gaban mai bugu fiye da kullum, ya kuma bar ciyawar tsakiya ta ɗan ƙara tsawo. Ƙwallon da aka buga da ƙarfi sai ya faɗa kan ƙasa mai laushi, ƙarfinsa ya mutu, ya gangaro a hankali cikin hannun yaranmu. Doka ba ta hana ba, kuma kowane mai fili yana yin irin nasa. Bambancin kawai shi ne namu ya fi su iyawa.

Wata Asabar a watan Afrilu, kocin baƙi ya tako wurin kafin wasa, ya danna da takalminsa, ya dubi Mista Ovide ya ce, "Tsoho, wasa za mu yi a nan ko shinkafa za mu dasa?"

Mista Ovide bai ɗago daga naɗe tiyo ba. Ya ce, "Koci, da ka zo da iri, da kun koma gida da abin nunawa. Maki dai ban ga alamarsa ba."

An ci su shida ba ko ɗaya. Batiste ya gaya mini daga baya cewa bai taɓa roƙon a jiƙa masa wurin ba. Mista Ovide ne ya tsaya a bayan shinge a shekarar Batiste ta farko, ya kalli jifarsa na kwana uku, daga nan ya fara yi, bai ce wa kowa komai ba.

Mista Ovide, kai ne mai ganin abin da yaro ke bukata tun yaron bai san sunan abin ba. Kai ne ka san wane ɗan wasa gwiwarsa ke ciwo, ka sassauta ƙasar wurin tsayuwarsa, ka bar shi yana zaton magani ne ya yi aiki.

Saboda yawan nasarar da muka samu, aka ba mu karɓar baƙuncin zagayen farko na gasar ƙasa, karo na farko a tarihin jami'ar. Muka ci wasanni biyu, ya rage na yanke hukunci ranar Lahadi, goma sha tara ga Mayu. Da wayewar garin ranar ruwa ya kece, bai tsaya ba sai ƙarfe goma. Inci uku da kwata ya zuba. Tamfol ya kare jar ƙasar tsakiya, amma ciyawar ƙarshen fili ta koma tafki, har farin belbela ya sauka yana kiwo. Wakilin hukumar gasa ya zo da lema ya duba, ya ce za a mai da wasan babban birni, tafiyar mil tamanin, inda ake da fili mai ciyawar roba. Kowa ya fahimci abin da hakan ke nufi. A kan roba ƙwallon Batiste zai riƙa tsalle kamar an harba shi, mutanen garinmu kuma da suka jira shekara hamsin ba za su ga wasan ba.

Mista Ovide ya ce a ba shi zuwa ƙarfe uku. Wakilin ya tambaye shi ko ya san adadin ruwan da ke kwance a wurin. Ya amsa da cewa ya sani, domin a ciki yake tsaye.

Matarsa, Mis Earline, ita ta kai maganar coci. Tana jiran limamin ya sallami jama'a, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce duk mai injin ban ruwa ya tafi ya ɗauko. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, manoman shinkafa da masu kiwon jatan lande sun jera motoci a bayan shinge, wasunsu ko rigar coci ba su cire ba. Injuna tara aka kawo. Amma inji ba ya amfani sai an san inda za a sa bakinsa, kuma bakunan magudanan nan bakwai suna ƙarƙashin ruwa da ciyawa, babu alama ko ɗaya a kansu. Daga ɗakin sama na ga Mista Ovide ya naɗe wando zuwa gwiwa ya shiga. Yana tafiya yana lalube da yatsun ƙafa, sai ya tsaya ya ɗaga hannu, a zo da shebur a buɗe. Sau bakwai ya tsaya, bai kuskure ko sau ɗaya ba. 'Yan wasa suka bi bayansa da faffadan katako suna tura ruwa zuwa inda ya nuna. Na ji yana ce wa Batiste, wanda ya ɗauki shebur zai taimaka, "Ajiye, ɗana. Hannun nan ba na haƙa ba ne yau. Je ka zauna a inuwa, ka ci wani abu."

Ƙarfe uku saura kaɗan, ya durƙusa a gaban wakilin hukuma ya soka mabuɗi. Ya fito tas. Ƙarfe uku da minti ashirin aka yi jifar farko. Batiste ya fitar da masu bugu goma sha huɗu da ƙwallon da ya bi ƙasa, muka ci uku da biyu. Da yara suka tari juna a tsakiyar fili suna murna, na neme shi da ido, sai na hango shi can gefe yana taya wani manomi ɗora inji a mota.

Mako guda bayan haka muka ci zagaye na biyu, muka tafi wasannin ƙarshe, tafiyar awa goma sha huɗu. Koci Stroud ya ajiye masa kujera a mota. Ya ƙi, ya ce ciyawa ba ta jure kwana tara a zafin Yuni ba mai ita. A rediyo ya bi mu, yana bisa injin yanka. Mun kai cikin huɗun ƙarshe a ƙasar duka, aka fitar da mu biyar da huɗu. Gari ya tare mu da kiɗa kamar mun zo da kofi.

Ranar Juma'a, goma sha huɗu ga Yuni, kwamitin wasanni, wanda har yanzu ina cikinsa, ya zauna. Wani tsohon ɗalibi da nasarar ta faranta wa rai ya yi alkawarin shimfiɗa mana ciyawar roba, wadda ba ta bukatar yanka ko shayarwa, kuma ruwa ba ya kwana a kanta. Daraktan wasanni, Dakta Whitlow, ta nuna hotunan tafkin ranar Lahadi, har da belbelan. Ba zan zalunce ta ba: ba ta faɗi kalma ɗaya ta raini ga Mista Ovide ba. Cewa ta yi jami'ar da ke son ta sake karɓar gasa ba za ta dogara da tafin ƙafar mutum ɗaya mai shekara sittin da takwas ba. Ta tambaya ko akwai wanda ya san inda magudanan suke in ba shi ba. Mu da muke zaune kuwa mu ne muka hana a samu irin wannan mutumin.

Daga nan ta juyo gare ni ta ce, "Farfesa, kai ke da littafi. Wasa nawa ruwa ya hana mu a filin nan?"

Na san amsar ba tare da na duba ba, kuma na faɗe ta da jin daɗin wanda aka tambaya abin da ya sani: tun 1982, wasa sittin da ɗaya. Aka rubuta adadin a allo. Aka ƙada ƙuri'a, takwas suka amince, mutum ɗaya ya ƙi, wata malamar kimiyyar ƙasa. Ina cikin takwas ɗin.

Adadin da na bayar daidai ne, kuma har yau ba wanda zai iya gyara mini shi. Sai dai littafin maki yana da gurbin rubuta wasan da ruwa ya hana, ba shi da gurbin wasan da ruwa ya so hanawa aka ƙwato. Irin wannan wasan, a littafina, ba shi da bambanci da wanda aka yi rana na haskawa. Shekara arba'in da biyar ina cike gurabe, ban taɓa lura da cewa akwai wanda babu ba. Haka kuma littafin tarihin ƙungiyar da na wallafa a 2011, mai shafi ɗari uku da goma sha biyu, ya ambaci kowane koci da kowane kyaftin tun 1911, amma sunan Ovide Lavergne bai fito a cikinsa ba.

Sai da na koma gida na zauna wannan ya faɗo mini. Ranar Litinin na tafi gonar gwaji ta jami'a, inda ake auna ruwan sama kullum tun kafin a haife ni. Na yi kwana shida ina ɗora ranakun wasanninmu a kan ranakun ruwa. Na ɗauki kawai waɗanda aka yi ruwan rabin inci ko fiye cikin awa goma sha biyu kafin wasa, kuma duk da haka aka yi wasan. Suka kama ɗari huɗu da biyu. Na garzaya ofishin darakta da takardar. Ta karanta har ƙarshe, ta ce da ta ga wannan tun farko da an daɗe ana muhawara, amma an riga an sa hannu, katafila za ta shigo ranar takwas ga Yuli.

Daga can na wuce fili. Na same shi a rumfar kayan aikinsa yana wasa wuƙar injin yanka, ko da yake saura kwana kaɗan injin ya zama ba shi da aiki. Na ba shi takardar, na gaya masa abin da na faɗa a kwamiti da yadda na ɗaga hannu. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Ɗari huɗu da biyu. Ni da na ɗauka sun fi haka, yadda bayana ke gaya mini."

Na ce masa kuskuren nawa ne, kuma na zo ne in faɗa da bakina.

Ya ce, "Farfesa, kai aikinka ka rubuta abin da ya faru. Ni kuwa nawa shi ne in hana abu faruwa. Ina za ka rubuta wannan? Riƙe mini nan, kada ta zame."

Na riƙe masa wuƙar har ya gama wasawa. An yi masa tayin ya zauna ya riƙa share robar da buroshi sau biyu a mako. Ya yi godiya, ya ce bai iya ba. Mis Earline ta gaya mini cewa kwana uku bayan ƙuri'ar bai taɓa abincinsa ba, amma ko sau ɗaya bai makara zuwa fili ba.

Asabar ta ƙarshe a watan Yuni ya yi abin da ba wanda ya sa shi. Ya ari injin yanko ciyawar dashe, ya yayyanka ciyawar filin murabba'i-murabba'i da saiwarta da ƙasarta, ya sa aka sanar cewa duk mai so ya zo da kwali. Layi ya kai har bakin titi. Tsofaffin 'yan wasa suka zo daga Texas da Mississippi, wasu da jikokinsu. Kowa ya faɗi inda yake tsayawa a zamaninsa, Mista Ovide ya tafi daidai wurin ya ɗauko masa, bai tambayi kowa sau biyu ba. Manoman da suka kawo injuna ya ba su na bakin magudanai. Batiste bai karɓi ciyawa ba, ya zo da kwalba ya ɗebi ƙasar gaban mai bugu. Dakta Whitlow ma ta shiga layi, ya ba ta nata, ya gaya mata kada ta dasa a inuwa. Ni na tsaya can baya ina shakkar matsowa, har sai da ya ɗago ya ce, "Farfesa, kai ba ka taɓa taka filin nan ba, daga sama kake kallo. Ungo na tsakiya, shi ka fi gani."

Mista Ovide, mai fili ba da takarda ba, mun gode. Mun gode da ranaku ɗari huɗu da biyu da muka zauna a inuwa muna cin gyaɗa muna tafi, ba mu san daga bakin ruwa aka ƙwato mana su ba. Mun gode da Lahadin nan ta Mayu, wadda ka ba garinka da tafin ƙafarka, mu kuma muka ɗauki hotonta muka yi hujja da shi a kanka. Ka nemi magaji sau biyu muka hana ka, sannan muka hukunta filinka saboda ba ka da magaji. Ban san yadda ake gyara wannan ba, kuma ba zan ce rubutun nan ya gyara shi ba.

Ga matasa masu shiga aiki, ina roƙonku ku yi koyi da shi: ku san wurin aikinku kamar yadda ya san nasa, har ku iya gane shi ido rufe. Ga masu zama a kwamiti da masu riƙe littafi irina kuwa, roƙona ya fi nauyi. A kowace makaranta da asibiti da tashar ruwa akwai mutumin da aikinsa shi ne kada abu ya lalace, kuma gwargwadon iyawarsa gwargwadon ɓacewarsa daga takardunku. Ku neme shi tun yana kan aiki. Idan ya ce a ba shi wanda zai koya wa, ku ba shi a ranar. Idan aka tambaye ku adadi, ku tsaya ku tambayi kanku wane adadi ne ba a taɓa ƙirgawa ba.

An shimfiɗa robar a watan Agusta. Kore ce ƙwarai, kuma an ce ruwa ba ya minti ashirin a kanta. Murabba'in da ya ba ni na dasa shi a bayan gidana, kusa da famfo, ina shayar da shi safe da yamma. Kwanan baya ya fara yin rawaya. Ranar Alhamis da ta wuce, koriyar a-kori-kurar ta tsaya a ƙofata, domin ashe yana zagaya gidajen da ya raba wa ciyawa, ɗaya bayan ɗaya. Ya tuɓe takalmi a bakin barandata, ya taka ɗan yankin nan da bai fi tabarmar ƙofa ba, ya durƙusa ya soka mabuɗi. Ya fito da laka har wuya.

Ya goge shi a wandonsa, ya ce, "Ka cika mata ruwa, Farfesa. Ba da nadama ake shayar da ciyawa ba. Bar ta ta ji ƙishi kwana uku, saiwa ta nemi ƙasa. Alhamis zan dawo in gani."